Jinin Amarya Ya Gane Mu

Ni mace ce mai surutu, ban taɓa musu ba. Mijina, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko bango aka bar ni da shi sai na ba shi labari. To, cikin labaran da nake bayarwa akwai wanda na fi ji da shi. Na ba da shi a mota, na ba da shi a layin famfo, na ba wa mai gyaran rediyo har ya manta da rediyon. Labarin yadda Autana ya ba matarsa jini.

Ga yadda nake ba da shi. Wata huɗu da aurensu, Amarya ta hau babur za ta gidan burodin da take aiki, mota ta goge su, cinyarta ta tsage. Kafin a kai ta ɗan asibitin da ke bayan tasha, jini ya zuba kamar an manta famfo a buɗe. Suka ce sai an ƙara mata. Akwai leda ɗaya a firij, irin nata. Na ce ta wane ne? Suka ce ba a faɗa. Na ce to ba da ni ba. Jinin da ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba, ba zai shiga jikin surukata ba, ga mijinta tsaye da lafiyarsa. Aka gwada Auta, rukuninsu ya zo ɗaya. Mai ɗibar jinin ya shiga kame-kame, wai ba a cika son miji ya ba matarsa ba. Na ce saboda me? Sai ya hau sosa ƙeya. Na buɗe masa murya har masu jinya suka leƙo ta taga. Ya ɗiba, aka sa mata. Washegari ta buɗe ido ta nemi shayi.

A nan nake tsayawa in dubi masu sauraro in ce, "Kun ga, yanzu jininsu ɗaya." Sai a yi ta sa albarka, Auta ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Abin da ba na haɗawa da labarin shi ne abin da ya biyo baya, don ban taɓa zaton hanyarsu ɗaya ba. Cikin shekara bakwai Amarya ta haihu sau uku. Ta fari mace ce, kyakkyawa, kafin rana ta faɗi idonta ya koma ruwan ɗorawa, a kwana na huɗu ta tafi. Na biyu namiji, kwanansa biyu. Na uku bai ma yi kuka ba, a kumbure ya zo. Kowane karo sai a ce shawara ce. An duba katinta an duba na Auta, aka ce rukuni ɗaya ne, ba matsalar jini ba ce. Akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin gadonsu da kayan jarirai a ciki, Auta ne ya ɗinka su da hannunsa, don shi tela ne. Sau uku ana fito da akwatin ana mayarwa.

Da ciki na huɗu ya cika wata bakwai, sai Amarya ta ce ita wannan karon babban asibiti za ta. Na raka ta. Likita ya saurare ta, ya rubuta takarda, ya ce mu sauka ƙasa, ɗakin gwajin jini.

Matakala goma sha takwas ne, na ƙirga saboda gwiwata. A sama rana ce tsaka, mutane na hayaniya, amma kana sauka sai ka ji kamar an toshe maka kunne. Dogon lungu ne mai farin fenti, a ƙarshensa ƙofa ɗaya. Ciki sanyi. Firij uku a jere suna gurnani ƙasa-ƙasa, ɗaya mai ƙofar gilas, ana hango ledojin jini kwance a kan juna, kowace da takardarta, kamar masu barcin da aka ce kada a tashe su. Matar da ke aiki a wurin siririya ce, ta manyanta, da tabarau mai kauri rataye da igiya. Mai Tabarau nake ce mata har yau.

Ta ɗaure wa Amarya hannu, ta ɗebi jini, tana tambaya tana rubutu.

"An taɓa ƙara miki jini?"

"Sau ɗaya. Da daɗewa."

Ni kuwa ina zaune a benci, labarina ya zo har bakin ƙofa, ya za a yi in bar shi ya wuce? Na gyara zama na ce, "Ai 'yata, wannan ƙarin jinin labari ne." Na fara tun daga babur. Ina cikin ba da shi na lura alƙalaminta ya tsaya. Na zaci daɗin labarin ne, na ƙara gishiri. Da na kai wurin "jininsu ɗaya" na jira albarka. Ba ta sa ba. Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa ƙirjinta.

"Mama, jinin mijinta kika ce? Uban cikin nan?"

"Shi fa. Leda guda cur."

"Kafin ta fara haihuwa?"

"Ko ɓatan wata ba ta yi ba a lokacin."

Ta kalli 'yar kwalbar da ke hannunta. Sannan ta ce, "A kira min shi. Yanzu, in da hali."

Auta ya zo da tef ɗin awo a wuya, zare manne a hannun rigarsa. Ta ɗebi nasa. Muka zauna mu uku a benci muna kallonta. Ta sa jinin Amarya a wani inji mai juyawa har ya rabu, ja a ƙasa, ruwa-ruwa mai kalar shayi marar madara a sama. Ta ɗebi ruwan ta zuba a ƙananan kwalabe biyu. A ɗaya ta ɗiga jinin wata leda daga firij, a ɗayar ta ɗiga na Auta. Ta ajiye su cikin ruwan ɗumi, ta duba agogo. Da lokaci ya yi ta wanke, ta ɗiga musu wani koren ruwa, ta sake juyawa, sannan ta ce mu matso kusa da fitila.

Ta girgiza ta farko a hankali. Jan ya narke ya bazu, sumul. Ta girgiza ta biyu. Bai narke ba. Ya tattaru guntu-guntu, ya dunƙule, yana yawo cikin ruwan kamar jan yashi. Ina kallo ƙananan suna neman manyan suna mannewa.

"Wannan naka ne," ta ce wa Auta. "Jininta ya gane ka."

"Ya gane ni kamar yaya?"

"Tela ne kai, ko? Yaya kake ɗinki?"

Ya dube ni, ya dube ta. "Mutum ya zo, in auna shi, in yanka, in ɗinka."

"To jiki ba haka yake yi ba. Jiki ba ya jiran mutum ya zo. Akwai wasu ƙwayoyi a cikinmu, masu gadi, miliyoyi a kan miliyoyi. Ka ɗauka kowace tela ce, amma riga ɗaya tak ta iya, kuma ido rufe ta ɗinka ta, ba ta auna kowa ba. Ta wannan daban, ta waccan daban. Wata mai hannu uku, wata ba wuya, wata ko kare ba zai shiga ba. Wadda tata ta yi daidai da jikin mai gidan, tun farko ake kawar da ita, don kada mutum ya cinye kansa. Sauran suna nan rataye."

"Suna jiran wa?" in ji Amarya.

"Ba su sani ba. Yawancinsu har mutum ya mutu ba wanda zai zo. Amma ranar da baƙo ya shigo jini, ciwo ne ko wani abu, sai ya yi ta gilmawa ta gabansu har wata riga ta zauna masa. Mai wannan rigar sai ta farka. Ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, kafin mako biyu sun zama runduna, duk riga iri ɗaya suke fitarwa suna zubawa cikin jini. Duk wanda aka gani sanye da ita, an san na kashewa ne. In an gama, wasunsu su koma gefe su zauna, ba sa mantawa. Shi ya sa ba a yin ƙyanda sau biyu. Abin kirki ne, Mama, da shi muke raye."

Ta nuna kwalbar. "Shi ɗan naki, a bayan ƙwayoyin jininsa akwai wata 'yar alama da ita ba ta da ita. Ba ta cikin waɗanda ake dubawa kullum, shi ya sa aka ce muku rukuni ɗaya. Ranar da aka zuba mata ledar nan, a cikin miliyoyin nan akwai wadda tata ta zauna wa alamar. Ta farka. In ɗa ya ɗauko alamar ubansa, rigunan suna hayewa ta mabiyiya su same shi a ciki. Kuma duk dawowar alamar ana ƙara gyara ɗinkin. Cikin rundunar, wadda tata ta fi matsewa ita ake bari ta hayayyafa. Ta fari, rigar ta kama ta da sako-sako. Na uku kam..." Ba ta ƙarasa ba.

Firij ɗaya ya yi shiru, sai na ji ashe ƙararsa ce ke riƙe da ɗakin.

Auta ya ce, murya can ƙasa, "Wato wannan ɗin, mai rigar tawa, tana jikinta tun kafin a zuba?"

"Ita ko irinta. Kullum jiki yana fitar da sababbi."

"Tun kafin ta san ni?"

"Wataƙila tun kafin ta yi haƙori."

Amarya ta yi wata 'yar dariya. "Ka ji ko, Tela? Kai da kake cewa ba na tunaninka." Ba wanda ya taya ta. Ita ma ta bari, ta ɗora hannu a kan cikinta.

Ni kuwa sai da na tambaya. "'Yata, da na bari an sa mata ta firij ɗin fa?"

Ba ta yi min ƙarya ba, kuma na gode mata, ko da yake a ranar ban gode ba. Ta ce, "Cikin mutum goma, tara ba su da alamar nan. Ciki ma da kansa yakan tayar da ita wani lokaci, amma shi ɗigo ne ke tsallakawa. Ku leda guda kuka zuba."

Sai ta ce akwai sauran magana. Auta daga gefe ɗaya ya gaji alamar, ko uwa ko uba, don haka ba kowane ɗa ne zai ɗauka ba. Rabi da rabi ne. Wannan na cikin zai yiwu bai ɗauko ba. Za a riƙa duba shi da na'ura duk mako.

Na miƙa mata hannuna na ce ta gwada ni. Ta ce ba dole ba ne. Na ce na sani. A raina ina cewa ta wajen marigayi ce, danginsu dama ba a rasa su da abin mamaki. Ta ɗiba, ta haɗa da ruwan jinin Amarya, muka sake jiran agogo. Ta ɗaga kwalbar gaban fitila ta girgiza.

Ya dunƙule. Har ya fi na Auta saurin kamawa, ko idona ne.

Shekara bakwai yarinyar nan tana durƙusa min da safe, tana matsa min ƙafa in gwiwa ta motsa, ko sau ɗaya ba ta ɗaga min murya ba. Ga shi a cikin kwalba, abin da ke jikinta ya ga nawa ya shaƙe shi nan take. Na san ba ita ba ce. An faɗa min ba ita ba ce. Amma da muka zo hawa matakala ta miƙo hannu za ta riƙe ni, sai da na ɗan ja baya kafin na ba ta.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya canza. Auta ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ita. Ya daina zama kusa da ita a kujera. Da asuba ya fice shago, sai an rufe kasuwa ya dawo. Wata rana da la'asar na bi shi. Na tarar da ƙofar a saye, keken ɗinki a rufe da ƙyalle, shi yana zaune a kan tebur ɗin yanka. A bayansa akwai dogon ƙarfen da yake rataye kayan da masu su ba su zo karɓa ba, wasu sun shekara uku. Na sha ganinsu ban taɓa kula ba. Ran nan fanka na juyawa a hankali, rigunan suna motsi ɗaya bayan ɗaya, kafaɗu a cike, hannaye a sake, ba kai. Kamar layin mutanen da suka juyo jin an turo ƙofa, su ga ko nasu ne ya zo.

"Inna," ya ce, "in na matsa kusa da ita, gani nake abin yana jin ƙamshina."

Na ce ya tashi mu tafi gida. Ni ma abin da nake gani ke nan.

Amarya ce ta yi maganinmu. Muna shiga ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Malam Tela, jini aka ce, ba numfashi ba. Na tambaya. Ko zama ka yi a kaina ba abin da zai ƙaru. Ka bar ni da ciki da tsoro, kai kana can kana gadin rigunan mutane? Zo ka murza min bayan nan." Ya je ya murza.

Da ya fita alwala sai ta juyo kaina. "Inna, kwana goma sha biyu ban ji labari a gidan nan ba. Shirunki ya fi komai ba ni tsoro."

Na ce, "Me zan ce, 'yar nan?"

Ta gyara zaman filo. "Labarin nan na ji shi ya fi sau ɗari. Kowane karo ina murmushi, har a ranar da aka dawo daga binne na biyu kin ba wa masu gaisuwa shi. Na san don ni kika yi. Amma kada ki tambaye ni komai yanzu. Ban riƙe ki ba, ban kuma sake ki ba. Bari in ga abin da zan haifa."

Na ce to. Iyakar abin da na ce ke nan, ni da ake roƙo in yi shiru.

Duk Talata muna ɗakin na'ura. Likita ya shafa mata mai a ciki, ya ɗora abin, ya nemi wata jijiya a kan yaron yana auna gudun jini. Ya ce in jini ya yi ƙaranci yakan tsinke, ya riƙa gudu da sauri. Na'urar tana fitar da ƙara, fuu, fuu, fuu, kamar mai hura wuta. Mako na farko lafiya. Na biyu lafiya. Na fara cewa a raina wannan ya biyo uwarsa. A mako na biyar, tun kafin likita ya buɗe baki na ji da kunnena, mai hura wutar ya ƙara sauri. Likita ya auna sau uku. Ya ce, "Ya ɗauko. Sun same shi." Ya ce za a yi mata allurar da za ta ƙarfafa huhun yaron, jibi da safe a ciro shi, wata takwas da 'yan kwanaki.

Aka ciro shi da hantsi. Namiji. Kukansa kamar na ɗan kyanwa, jikinsa fari fat kamar an wanke shi da yawa. Kafin azahar farin ya fara juyawa ruwan ɗorawa, daga ido ya gangaro ƙirji. Na san kalar nan. Sau biyu na ga inda take kaiwa.

Mai Tabarau ta hau sama da kanta, abin da aka ce ba ta cika yi ba, riƙe da leda a cikin ɗan akwatin sanyi. Likita ya ce za a canza wa yaron jini gaba ɗaya, a cire nasa da rigunan suka kama, a sa wanda ba su san shi ba. Kafin ya rufe baki Auta ya naɗe hannun riga.

"Ga ni. A ɗibi ko nawa ne."

Mai Tabarau ta kama hannun rigar ta sauke masa da kanta, har ta ɓalla masa maɓalli. "Ɗana, naka ake farauta a jikinsa. Kai da Mama ku zauna can. Yau taimakonku shi ne zama." Ledar da ta kawo ta gwada ta tun jiya da ruwan jinin Amarya, ta fito sumul. Ban tambayi ta wane ne ba.

Ta gilas muka kalla. An kwantar da shi a ƙarƙashin abin ɗumi, an zura siririn bututu ta cibiyarsa. Likita ya ja kaɗan da sirinji, ya zubar a wata leda, ya tura sabo kaɗan. Ya jira. Ya sake ja, ya sake turawa. Wata ma'aikaciya tana faɗin lamba tana rubutawa. Abin da bai fi cokali biyu ba a kowane karo. Ledar da ake zubar da nasa tana cika a hankali a gefen gadon, baƙi-baƙi, ni kuma na kasa ɗauke ido daga kanta, don na san abin da ke ciki. Nawa ne, da na Auta, da abin da ya zo nemanmu, duk a cakuɗe. Wajen tsakiya na'urar bugun zuciya ta canza murya, likita ya tsaya cak da sirinji a hannu. Auta ya kama ƙarfen taga. Na ƙirga numfashina har bakwai. Sannan muryar ta dawo daidai, likita ya ci gaba. Awa biyu da kwata aka yi.

Daga nan aka sa shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, tsirara, an rufe masa ido da ƙyalle. Kwana na biyu ya wuce. Na uku. A na huɗu ban ci komai ba, ban kuma bar bakin gilas ɗin ba har aka kore ni. Na biyar da safe na tarar ya tuge ƙyallen idon da kansa yana tsala ihu.

Da aka kawo wa Amarya shi ta ba shi nono, sai ta ƙi karɓa. Ta maƙale hannuwa a ƙirji. "In yana cikin nonon fa?" Likita ya ce ta nan ba ya cutarwa, ta jini ne kawai, kuma wannan hanyar an yanke ta tare da cibiya. Sai da ya faɗa sau biyu. Ta karɓe shi tana kallonsa kamar mai neman izini. Shi kuwa ko a jikinsa, ya kama ya hau aiki.

Ba a gama ba. Mai Tabarau ta ce akwai ragowar rigunan a jikinsa, kuma shi zai ci gaba da yin nasa jinin mai alama. Sai dai telolin suna jikin uwar, ba su haye ba. Ba mai ɗinka sababbi a wurinsa, na nan tsufa za su yi su ƙare. Don haka duk mako muna sauka matakalar nan da shi, a tsaga masa diddige, a ɗiga koren ruwa, a ɗaga gaban fitila. Mako na huɗu ya sake yin fari, aka ƙara masa jini. Mako na shida yashin ya zama gari. Na takwas sai ta sa tabarau ta matso sosai kafin ta gani. Ni a gida in ina masa wanka nakan tsaya in duba tafin hannunsa da cikin leɓensa, in ji kamar akwai wani abu da ke zagaye a cikinsa yana raguwa, yana leƙa ɗaki ɗaki bai sami kowa ba.

Mako na goma sha ɗaya ta girgiza kwalbar, ta ƙara girgizawa, ta juya ta ta kowane gefe. Ja ne kawai, sumul.

"Sun ƙare," ta ce. "Ku tafi da abinku. Kada in ƙara ganinku sai da gaisuwa."

Auta ya zauna a benci ya rufe fuska da hular yaron. Amarya ba ta motsa ba. Ta ce, "Nawa fa? Su ma za su ƙare?"

"Naki suna da masu ɗinka su. Za su yi ƙasa, har wata rana a gwada a rasa. Amma suna nan zaune." Ta jawo aljihun tebur ta ciro ɗan kati, ta rubuta wasu haruffa, ta buga hatimi. "Wannan kada ya bar jakarki har abada. Duk inda za a ƙara miki jini, ko kika sake ɗaukar ciki, shi za ki fara nunawa kafin sunanki."

Amarya ta karanta katin gaba da baya, ta sa a jaka ta ja zif.

Ni kuma, da yake bakina ya fara dawowa, na leƙa fuskar yaron na ce, "To angona, an sallame ka. Kai dai yanzu fes kake, ba ruwanka da ɗinkin kowa."

Mai Tabarau tana wanke kwalabe, ba ta ko juyo ba. "Wa ya faɗa miki, Mama? Ai shi ma ya fara nasa tuni. Tun yana ciki."

Na dube shi. Idonsa biyu, yana kallon fitilar, ko ƙiftawa ba ya yi. Ɗan mutum da bai kai nauyin butar shayi ba. Firij ɗin mai gilas ya tashi da gurnaninsa a bayana.

A gindin matakala Amarya ta tsaya. Ɗinkin cikinta har lokacin yana damunta in za ta hau. Auta ya miƙo hannu zai karɓi yaron, ta kauce masa, ta juyo ta ɗora min shi a ƙirji.

"Riƙe shi da kyau, Inna, gwiwarki ba ta da tabbas," ta ce. "Ki wuce gaba, ina bayanki."